Yadda ake gwada furotin mai manne ƙwayoyi don tantance kansar baki

Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin baki a manne suke da juna kamar bulo da siminti. Simintin nan furotin ne, kuma wanda aka fi bincike a kansa shi ne E-kadherin, wanda ba ya riƙo sai da sinadarin kalsiyam. Idan kansa, wato ciwon daji, ta fara yaɗo, mannen yakan yi rauni, ƙwayoyin su ɓalle su kutsa cikin nama. Wannan raunin ake nema a gwajin.

Da farko, gyambon baki ko farin tabo da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, a kai shi wurin likitan haƙori. Shi zai yi allurar kashe zafi ya yanko 'yar tsoka daga gefen ciwon, haɗe da ɗan lafiyayyen nama. Lafiyayyen ɓangaren shi ne ma'auni, da shi za a kwatanta.

Nan take a jefa tsokar cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa. Idan kai aka miƙa wa kwalbar ka kai ɗakin gwaji, duba ka ga ruwan ya rufe naman ruf, kuma kada ka biya ta kasuwa. Tsokar da ta bushe ta tashi aiki.

A ɗakin gwaji ana daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta siririya, kaurin kamar maikiron 4 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), a ɗora kan gilashi. Rinin farko na yau da kullum ne, shuɗi da ja-ja, kuma shi ke tabbatar da kansa ce ko a'a.

Sai gwajin mannen. A narkar da kakin, a dafa gilashin cikin ruwan sinadari domin furotin ɗin da fomalin ya lulluɓe ya fito fili, a ɗiga sinadarin garkuwa da ke kama E-kadherin kaɗai, sannan rinin da ke mayar da wurin ruwan ƙasa.

A madubin likita, lafiyayyen nama yakan fito kamar saƙar zuma, kowace ƙwaya da zobenta. Inda kansa ke cin gaba kuwa, zoben ya kan kakkarye, ko ya dushe, ko ya ɓace.

A nan sai a yi hattara. Rashin zoben ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, har yanzu ƙarin haske ne kan yadda ciwon zai iya bazuwa zuwa kaluluwar wuya. Likita yakan haɗa shi da rinin farko da hoton wuya kafin ya tsara tiyata.