Babi na 6: Yadda ake gwada iri kafin a kai shi gona

Iyayena da yayyena, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan babin aikin hannu ne, za mu koyi yadda masu binciken noma suke gane ko iri zai fito ko ba zai fito ba tun yana cikin buhu. Abin da suke yi a ɗakin gwaji ku ma za ku iya yin sa da ƙyalle da ruwa kawai. Duk wanda ya iya ƙirga 1 zuwa 100 kuma ya iya rubuta kwanan wata toh ya gama rabin aikin, kar kowa ya tsorata.

DARASI NA 1: Kaya da takarda

Ku nemo ƙyalle mai tsabta wanda yake shan ruwa, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, da leda, da zare ko roba na ɗauri, da ruwa mai kyau, da ƴar takarda, da fensir. Fensir na ce ba biro ba, saboda tawadar biro in ta ji laima sai ta narke, bayan kwana uku ka duba ka ga shuɗi kawai babu rubutu.

Kafin ku taɓa iri ko ƙwaya ɗaya, a fara rubutu. Layi uku ne:

Masara
Buhu na 1
3/5

Layin farko sunan abin da za a gwada. Layi na biyu daga wane buhu aka ɗebo, don in buhu biyu gare ka kowanne gwajinsa daban da takardarsa daban. Layi na uku kwanan wata, lambar farko ita ce rana, wadda ke bayan karan tsaye ita ce wata, wato 3/5 na nufin uku ga watan biyar. Ku rubuta ranar da kuka fara, ba wannan da na sa misali ba, na sha ganin aji guda an kwafe kwanan watan misalin kaf.

DARASI NA 2: Ɗiban iri

Nan ne wajen da nake so kowa ya nutsu, in ma sauran darussan sun shige muku duhu wannan kar ya wuce ku. Ƙwaya 100 za mu ɗiba, kuma BA A ZAƁE.

Ga yadda ake yi. Ka zura hannu cikin buhu ka ɗebo kaɗan daga sama, ka sake zurawa ka ɗebo daga tsakiya, ka sake zurawa har can ƙasa ka ɗebo. Ka zuba duka a faranti ɗaya ka gauraya su sosai da hannu. Kamar mai ɗanɗana miya ne, sai ta juya tukunyar kafin ta kai ludayi baki, in ba haka ba saman kawai ta ji. In ka gauraya sai ka ja wani yanki gefe guda da bayan hannunka ka fara ƙirgawa daga bakinsa, duk ƙwayar da ta zo hannu ita ce, babba ko ƙarama, mai sheƙi ko mai yamutsattsiyar fata, mai hujin ƙwaro ma in ta zo ta shiga lissafi. Tsakuwa da ƙaiƙayi kaɗai ake cirewa, su ba iri ba ne.

Na san hannu baya so. Wanda ya shekara da shekaru yana tsintar iri, yatsunsa da kansu suke zuwa kan mai kyau su ture mara kyau, ba laifinku bane, sabo ne kuma sabo mai kyau a wajen da ya dace. Amma a nan ba iri muke nema mu shuka ba, tambayar buhun muke ya faɗa mana halinsa. In ka tsinci ƙosassu 100 za su fito kusan duka, ka yi murna, ka kai buhun gona, rabi ya ƙi fita, sannan ka ce gwajin ƙarya ne. Gwajin bai yi ƙarya ba, ɗari masu kyau ka tambaya suka amsa maka.

Don haka mu sake. Sama, tsakiya, ƙasa. A gauraya. A ƙirga wadda ta zo. Ba a zaɓe.

Wanda ya ga har yanzu hannunsa na zaɓe, ya rufe ido lokacin ɗiba ko ya kawar da kai, ba wasa nake ba wallahi yana aiki. Ko ka ba yaro ƙarami ya ƙirga maka, shi bai san mai kyau da mara kyau ba.

Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin matsalar nan. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Nobbe shi ya buɗe tashar gwajin iri ta farko a garin Tharandt a 1869, lokacin ƴan kasuwa na cuɗa iri da dattin banza su sayar wa manoma. Daga baya a 1924 aka kafa ƙungiyar gwajin iri ta duniya da ake kira ISTA, ita take tsara dokokin da ɗakunan gwaji suke bi har yau, kuma tun kafin a zo maganar jiƙa iri akwai dokoki na musamman a kan ɗiban kawai, har wani dogon bututun ƙarfe gare su da ake sokawa cikin buhu don kar hannun mutum ya yi son kai. Su ƙwaya 400 suke gwadawa, kashi huɗu ɗari ɗari. Mu 100 ta ishe mu. Toh in masu digiri ba su yarda da hannunsu ba, dan Allah kai ma kar ka yarda da naka.

Abu ɗaya kuma, in irin nan na saye ne ka gan shi da launi ja ko ruwan hoda ko kore, an shafa masa maganin ƙwari ne. Ba a ci, ba a ba kaji, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa, kuma wannan kam kar a ba yaro ya ƙirga.

DARASI NA 3: Jerawa da jira

Ka jiƙa ƙyallen ka matse shi har ya daina ɗiga. Danshi ake so ba tafki ba, iri yana numfashi, in ruwa ya shanye shi ruɓewa zai yi. Ka shimfiɗa ƙyallen ka jera ƙwayoyin layi 10, kowane layi ƙwaya 10, da ɗan fili tsakaninsu kamar faɗin yatsa. Goma sau goma ɗari kenan, kun ga ba sai an yi ta ƙirga ana ɓacewa a sittin da wani abu ba.

Yanzu ka tsaya ka dubi layukan nan. In ka ga duk ƙwayoyin tas tas kamar an wanke, alhali buhunka ba haka yake ba, toh ka zaɓa. Ka kwashe ka mayar ka koma darasi na 2. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa, wasu har ɓoye masu hujin suke yi a ƙarƙashin faranti kamar ni suke cuta, ni ba gonata bace.

In layin ya yi daidai sai ka naɗe ƙyallen a hankali ka ɗaure bakinsa biyu ba da ƙarfi ba, ka sa a leda tare da takardarka, kar ka ƙulle bakin ledar gam, iska na buƙatar shiga. A ajiye a inuwa cikin ɗaki inda ba zafin rana ba sanyi sosai, kuma inda ɓera ba zai kai ba. Kullum ka taɓa, in ya fara bushewa ka yayyafa ruwa kaɗan.

Kowane iri da kwanakinsa. Masara ana ƙirgar ƙarshe a kwana na 7, alkama da waken soya kwana na 8, shinkafa sai kwana na 14. Ranar da ka jiƙa ba a ƙirga ta, washegari shi ne kwana na 1. Kullum da safe ka ja kara ɗaya a bayan takarda da fensir.

DARASI NA 4: Ƙirga da lissafi

Ranar ta cika sai a warware a hankali. Wadda ta fid da saiwa fara kuma ta fid da tsiro na sama, ita ce ta fito. Wadda ta fid da saiwa kawai ba kai, ko tsiron ya murɗe ya tsaya, ko ta yi fumfuna ta ruɓe, ba a lissafa ta, a ƙasa ba za ta zama komai ba. Nan ma kar a yi mata alfarma.

Ka ƙirga masu kyau ka rubuta lambar a layi na huɗu. In 80 suka fito, ana cewa kashi 80 cikin ɗari, a rubuce 80%. Wannan alamar mai ƙwallo biyu da kara a tsakiya ita za ku riƙa gani a jikin buhun iri na kamfani, yanzu kun san me take faɗa.

In an samu 90 zuwa sama a shuka yadda aka saba. In 80 ne a ƙara, duk awo huɗu a ɗora ɗaya, wato mai shuka kilo 20 zai shuka 25. In 50 ne sai an ninka, kuma gaskiya gara a nemi wani irin, don gona tafi ƙyalle wahala, abin da ya fito a ɗaki ba duka zai fito a ƙasa ba. Amma duk lissafin nan banza ne in an zaɓi ƙwayoyin tun farko.

DARASI NA 5: Ajiya

Laima da zafi su ke kashe iri a buhu. A busar sosai, a sa a mazubi mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, a ajiye wuri mai sanyi. Babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Nowe a 2008, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili suke ajiye nasu. Mu dai inuwa da bushewa. Irin da ya kwana shekara a sake gwada shi.

DARASI NA 6: Aikin gida

Kowa ya gwada buhu ɗaya, ya zo da takardarsa mai layi huɗu. A zo da ƙyallen ma, zan duba ƙwayoyin da ido na.