Yadda Ɗaliban Sakandare Za Su Tattauna Littafin Adabin Turanci

Kafin a zauna, kowane ɗalibi ya karanta babin da aka ware shi kaɗai, ya rubuta lambar shafin duk jimlar da ta ja hankalinsa. Mutum biyar sun isa zama ɗaya, kuma kada a ɓata lokaci wajen maimaita labarin, domin malami dalili yake nema.

A littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, a tambayi abin da ya sa Okonkwo, jarumin labarin, ya kashe Ikemefuna, yaron da yake riƙo a gidansa, bayan dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi. Wanda ya ce Okonkwo ya yi hakan ne don tsoron kada a ɗauke shi rago, sai ya buɗe shafin ya karanto hujjarsa da Turanci, ko da da Hausa aka soma muhawarar, wanda a ganina ba laifi ba ne.