Yadda zaka fara gwajin mu'amalar mutane a intanet da oTree

In kana son sanin ko mutane na yarda da juna, tambaya a takarda bata isa ba, kowa zai ce maka shi mai amana ne. Sai ka haɗa mutum biyu da basu san juna ba, ka sa kuɗi na gaske a tsakaninsu kaga me zasu yi. Irin wannan aikin aka yi oTree dominsa, manhaja ce ta kyauta da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, takardar da ta gabatar da ita ta fito a 2016. Kafin ita wata manhaja mai suna z-Tree ake yayi, amma shi an gina shi ne don ɗakin gwaji mai kwamfutoci a jere, oTree kuwa a burauza take buɗewa ko a waya ne. Akwai Empirica ma in ka fi sabawa da harshen JavaScript, ni dai oTree nake ba mai farawa shawara.

Da farko ka saka Python a kwamfutarka, ka buɗe tamina (wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni) ka rubuta pip install otree, sannan otree startproject da sunan da kake so, zata tambaye ka ko kana son wasannin misali to kace eh, dan Allah kar ka tsallake wannan. Ka shiga fodar ka rubuta otree devserver, ka buɗe localhost:8000 a burauza shikenan.

Kar ka fara da ƙirƙirar naka wasan. Ka buɗe wasan amana da ke cikin misalan, wanda Berg da Dickhaut da McCabe suka fito da shi a 1995: a gwajin nasu ana ba mutum na farko dala 10, duk abin da ya tura wa na biyu sai a ninka shi sau 3, shi kuma na biyun ya ga dama ya mayar da wani abu, ya ga dama ya riƙe duka. oTree zata baka link na kowane ɗan wasa, ka buɗe su a shafi biyu ka buga da kanka. Zaka ga shafin na biyu ya tsaya cak yana jira har sai na farko ya danna, wannan shafin jiran sunansa WaitPage kuma wallahi a nan duk wahalar aikin take.

Saboda a ɗakin gwaji kowa na zaune gabanka, a intanet kuwa wani netwok ɗinsa zai ɗauke, wani za a kira shi a waya ya manta da kai, abokin wasansa yana can yana kallon allo har ya gaji shima ya fita, ka rasa mutum biyu a kan guda ɗaya. Toh abu biyu zaka yi tun farko. A shafin jira na farko ka saka group_by_arrival_time = True don a haɗa waɗanda suka iso a lokaci ɗaya, ba a haɗa mutum da wanda ko link bai buɗe ba. Sannan duk shafin da ake yanke shawara ka saka masa timeout_seconds, in lokaci ya ƙare wasan ya wuce gaba, amma ka rubuta a bayananka cewa ba mutumin ne ya zaɓa ba, in ba haka ba zaka lissafa shiru a matsayin rowa. Wanda aka bari yana jira kuma a biya shi, ya baka lokacinsa ai.

Kada ka yi wa mahalarta ƙarya. In kace da mutum suke wasa to mutum ne, ba kwamfuta ba, masu gwajin tattalin arziki basa wasa da wannan ƙa'idar, kuma ka nemi izinin kwamitin ɗa'a na makarantarka kafin ka ɗauki kowa.

devserver na gwaji ne kawai, in ka shirya sai ka ɗora a saba ta gaske, wato kwamfutar da zata riƙe wasan a intanet, da yawa sabar kamfanin Heroku suke amfani da ita ta shafin oTree Hub, mahalarta kuma ana samunsu a Prolific (shafin da ake ɗaukar mahalarta bincike) ko cikin ɗalibai. Ka fara da ƴan mutane kaɗan, ka sauke bayanan daga shafin Data ka duba ko duk abin da kake son aunawa ya shiga, sannan ka buɗe wa kowa.