Yadda ake wallafa bincike kan ilimin kurame kowa ya karanta kyauta

Malamin ajin kurame ya fi kowa buƙatar sakamakon bincike, amma da wuya ya iya biyan kuɗin rajistar mujalla. In kai mai bincike ne, ga hanyar da aikinka zai isa hannunsa.

Da farko, ka gama da maganar izini tun kafin ka kunna kyamara don ɗaukar bidiyon yara. A nan aka fi tuntuɓe. A maganar hannu fuska ma magana take yi: ɗaga gira kaɗai kan mayar da jimla tambaya. In ka dusashe fuskar yaro don a ɓoye shi, ka goge wani sashe na nahawun. Don haka takardar da iyaye za su sa wa hannu ta faɗa ƙarara cewa bidiyon zai hau intanet, kowa zai iya saukewa, kuma lasisin CC BY, wato izinin kowa ya yi amfani da aikin muddin ya ambaci mai shi, ba ya janyuwa bayan an bayar. A yi wa yaron bayani shi ma, da maganar hannu. In iyayen ko yaron suka ƙi, sai wani kurma baligi da ya yarda ya maimaita alamun a gaban kyamara.

Na biyu, fayyace hanyar koyarwar da ka gwada. Karanta leɓe ne, ko maganar hannu tare da rubutu, ko alamun hannu kusa da baki irin waɗanda Orin Cornett ya ƙirƙiro a 1966? Faɗi wace maganar hannu ce, domin ta Amurka daban, ta Birtaniya daban. Rubuta shekarun yaran, lokacin da suka kurumce, da ko suna sa na'urar ji. Ba tare da waɗannan ba, babu malamin da zai iya kwaikwayon aikin.

Sai zaɓen mujalla. Duba kundin DOAJ, wanda aka kafa a 2003 don lissafa mujallun da ake karantawa kyauta. Wasu mujallun kuma, irin su Journal of Deaf Studies and Deaf Education, suna buɗe maƙala ga kowa ne in marubucin ya biya. Tambayi ko ana yafe kuɗin tun kafin ka miƙa. Wadda kuwa ta turo maka imel da alkawarin wallafawa cikin mako guda, kuɗinka take so, ba ta da masu tacewa.

In kuɗin ya gagara, ajiye kwafin da aka amince da shi a ma'ajiyar intanet ta jami'arka. Karanta yarjejeniyar tukuna, wasu mawallafa kan ce a jira wata 12 ko 24. Bidiyo kuma a ɗora su a Zenodo, ma'ajiyar bincike ta intanet, wadda ke karɓar gigabait 50 a ajiya ɗaya, ta kuma ba da lambar DOI, wato lambar dindindin ta gano aikin a intanet, da za ka saka cikin maƙalar.

Daga nan ka haɗa taƙaitaccen bidiyo na kamar minti 3 da maganar hannu, da rubutu a ƙasa. Bango ya zama fili, haske ya fito ta gaba, hannaye kada su fita daga hoton.