Babi na Bakwai: Idan Tarakta Ta Ƙi Ɗaga Garma

Wannan babi na wanda ya isa gona ne, ya ja liba, garma ta ƙi tashi daga ƙasa, ko kuma ta tashi da ƙyar tana makyarkyata. Za mu yi misali da Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 amma har yau tana noma a gonakinmu. A jikin wannan tarakta, mai iri ɗaya ne yake yi wa giya da ƙafafun baya da na'urar ɗaga garma aiki, famfon da ke tura shi kuwa yana nutse a cikinsa, a ƙarƙashin kujerar direba.

Darasi na Ɗaya: Duba Mai

Ku tsayar da tarakta a wuri mai daidai, ba a kan kunya ko gangare ba. Ku sauke garma har ta zauna a ƙasa, ku kashe inji, ku dakata kaɗan mai ya koma mazauninsa. Sandar awon man tana gefen dama, ƙasa da kujera, a jikin wani zagayayyen murfi. Kada ku nufi wadda take gaba a jikin inji, domin wannan ta baƙin mai ce, kuma na sha ganin ɗalibai sun zaro ta suna cewa mai ya cika. Wanda ya taɓa yin wannan kuskure kada ya ji kunya, da yawa daga nan muka fara.

Ku zaro sandar, ku goge ta da tsumma mai tsabta, ku mayar da ita har ƙarshe, sannan ku sake zarowa. Zarowa ta farko ba a karanta ta, saboda mai ya fantsama a jikinta lokacin da tarakta take tafiya. Ta biyu ita ce gaskiya. Akwai zane biyu a jikin sandar, kuma ana so man ya tsaya tsakaninsu. Bari mu maimaita tare: wuri mai daidai, garma a ƙasa, inji a kashe, a zaro, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ku yi haka sau uku a gaban malami, ko da kuna ganin kun iya.

Bayan yawan mai, ku dubi kamanninsa. Ku ɗiga shi a yatsa ku fita rana. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da yakan samu taraktar da ta kwana a fili duk damina. Idan yana kumfa, famfo yana zuƙar iska, galibi don man ya yi ƙasa. Idan kun murza kun ji ɓurɓushi, akwai ƙarfen da ke cinyewa a ciki. Man da ruwa ya shiga ba a ƙara masa sabo, juye shi ake yi gaba ɗaya.

Dole in faɗi wani abu ko da zai yi ɗaci. Wani manomi da ya zauna a ajinmu ya sayar da buhunan masara ya sayo sabon famfo, aka ɗaura, garma ta ƙi tashi, sai daga baya aka tarar mai ne ya tsiyaye ta gindin ƙafar baya. Sau nawa zan faɗa? Wanda ya ɗauki sifana bai zaro sandar nan sau biyu ba, ɓarnar kuɗinsa kawai yake yi, kuma kada ya ce a wannan aji ya koya.

Darasi na Biyu: Liba da Kuloci

Liba biyu ce a hannun damanku. Ɗaya tana kula da zurfin garma a cikin ƙasa, ɗaya tana kula da tsayin da za a ɗaga ta. Ku ja ta zurfin har sama, sannan ku gwada ɗagawa da ɗayar. Ku ɗauke ƙafa daga kuloci, domin idan an take shi har ƙasa famfo yana tsayawa. Kun dai duba mai kafin wannan, ko?

Darasi na Uku: Gwajin Riƙe Kaya

Idan garma tana tashi, ku ɗaga ta har sama ku kashe inji, ku koma gefe ku zuba ido. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta, musamman yara. Idan ta sauko cikin ƴan mintuna, mai yana zurarewa a ciki, ko dai ta zoben fistin, wato ƙarfen da mai yake turawa a cikin silinda don ɗaga garma, ko ta robar bututun da ke kai mai sama, ko ta bawul, wato abin da ke buɗe wa mai hanya da rufewa. Idan ta tsaya cak amma tashinta ne yake da nawa, to zargi ya koma kan famfo ko matatarsa, wadda ƙura da datti suke toshewa. Ana ciro matatar a wanke ta da kananzir.

Idan akwai tiyo a waje da kuke zargi, ku kara masa kwali ku ga ko zai jiƙe. Kada ku laluba da hannu, domin man da ke fita da ƙarfi yana iya huda fata.

Darasi na Huɗu: Leƙa Ciki

A rage mai zuwa ƙasan murfin gefe, a cire murfin, a tayar da inji, a haska tocila. Mai da ke zubowa daga sama na silinda ne ko bututu. Wanda ke tafasowa daga ƙasa na bawul ne. Ba a sa hannu a ciki inji yana aiki.

Darasi na Biyar: Awon Ƙarfi

Wannan aikin bakanike ne mai agogon awo. Lafiyayyen famfo yakan kai kusan bar 170 a agogon, bar kuwa ma'aunin ƙarfin turin mai ne. Idan bai kai ba, ku bar masa sauran.