Kurakuran masu tara kan sarkin Amurka mai hudar kamfanoni

Tun daga 1906 hukumar gidan waya ta Amurka ta riƙa sayar da kan sarki marar huda, ɗari huɗu a kowace takarda, ga kamfanonin da ke da na'urorin sayarwa da liƙawa, su kuma su yanka shi, su haɗa shi naɗi-naɗi, su huda shi yadda na'urarsu za ta iya ja. Kuskuren farko da sabon mai tarawa yake yi shi ne ɗaukar irin wannan a matsayin naɗin gwamnati, wanda bai fito ba sai 1908. Siffar hudar ce ke rarrabe su. Kamfanin Schermack na Detroit ya fi shahara da nau'insa na uku, wato dogayen ramuka biyu masu kusurwa huɗu, U.S. Automatic Vending na New York yana yanke ɗan gefe, Farwell na Chicago kuma yana jera ƙananan ramuka rukuni-rukuni.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yarda da huda don kawai ta yi kyau a ido. Da yake yawancin kan sarki marar huda na wancan zamani yana da araha, duk mai ƙarfen huda zai iya ƙirƙiro abin da ya ga dama, kuma an daɗe ana yin haka. Kan sarkin senti huɗu na 1908 mai hoton Grant, lamba 314A a kundin Scott, wato littafin da ke jera kan sarki da lambobinsu, dukkansa da hudar Schermack ya fita, saboda haka 'yan damfara kan datse haƙoran na gama-gari su yanka masa ramuka. Maganin wannan shi ne a auna tsawon ramukan da tazararsu, a kwatanta da wanda aka tabbatar, sannan kada a biya kuɗi mai yawa sai da takardar shaida daga Philatelic Foundation ko American Philatelic Society, ƙungiyoyin da ke tantance sahihancin kan sarki.

Akwai kuma masu raba biyu da ke haɗe, ko su ɓamɓare kan sarki daga ambulan. A ganina wannan ɓarna ce, domin biyu a haɗe ne ke nuna hudar gaba ɗaya, ambulan mai hatimin kwanan wata kuwa shi ke nuna cewa an yi aiki da shi a wasiƙa, tunda kamfanonin sun huda da yawa musamman domin masu tarawa. Inda aka ga an liƙa bakin takarda kan wata, kada a zaci gyara ne, mahaɗar naɗin ce.