Babi na 7: Da Wane Suna Saƙonku Zai Tafi?

Wannan babi na masu karanta imel ne a cikin manhajar da aka saka a kwamfuta. Za mu yi aiki da Thunderbird, wadda Mozilla ke bayarwa kyauta. Masu amfani da Outlook, wata manhajar imel ta Microsoft, ma su biyo mu, sai dai wuraren dannawa da wasu tsare-tsaren sun bambanta. Rubutun da ke kan maɓallan da Turanci yake, don haka zan rubuta kowace kalma yadda za ku gan ta a allo. Ba sai kun iya Turanci ba. Ku kalli harafin farko da tsawon kalmar, ku neme ta da ido, in kun gan ta ku ɗora kibiyar maus a kanta. Kada kowa ya ji kunya don ya daɗe yana nema, kowa da haka ya fara.

Darasi na 1: Layukan da ke saman saƙo

Ku kunna kwamfuta, ku buɗe Thunderbird. Ku danne maɓallin Ctrl da yatsan hagu, yana ƙasa can kusurwar hagu ta kibod, kada ku sake shi, sannan ku taɓa harafin N sau ɗaya. Yanzu ku saki duka biyun. Sabuwar taga za ta buɗe, wato wurin rubuta saƙo.

Kada ku fara rubutu tukuna. Ku ɗauke hannu daga kibod, ku dubi sama. Akwai layuka uku. Na farko an rubuta From a gefensa na hagu, nan ne sunan mai aikawa, wato ku. Na biyu To, nan za a sa adireshin wanda ake aika wa. Na uku Subject, nan ake rubuta abin da saƙon ya ƙunsa a taƙaice. Kamar ambulan ɗin wasiƙa ne: kafin mutum ya karanta abin da ke ciki, sunan da ke jikin ambulan yake fara gani, da shi kuma yake yanke shawarar ya buɗe yanzu ko ya ajiye.

Ku sa yatsa a jikin allo a kan layin farko. Ku karanta abin da ke ciki da ƙarfi. Za ku ga suna, sannan adireshi mai alamar @ a tsakiya. Abin da kuka karanta ɗin nan shi ne wanda kuka aika wa zai gani. Ku sake karantawa. Madalla. Wannan layin na From shi ne babin nan gaba ɗaya, kuma za ku gaji da jin ina maimaita shi.

Darasi na 2: Ƙara suna na biyu

Mutum ɗaya yakan yi magana da baki fiye da ɗaya. Da safe yana rubuta wa ɗansa da sunansa na yanka, da rana yana rubuta wa mambobin ƙungiya a matsayin sakatare. Manhajar tana ba ku damar ajiye kowane suna daban, da adireshinsa da sa hannunsa. Kowanne daga cikinsu za mu kira shi shaidar mai aikawa.

Ku nemi alamar layuka uku kwance a saman dama na babbar taga, ku danna. Ku zaɓi Account Settings. A hagu za ku ga adireshinku, ku danna shi sau ɗaya. Sau ɗaya na ce, ba sau biyu ba. A dama shafi zai fito mai gurabe. Ku gangara ƙasa da ƙaramar tayar da ke tsakiyar maus har ku ga maɓalli mai suna Manage Identities. Ku danna shi, sannan ku danna Add.

Gurbin Your Name: ku rubuta sunan da kuke so a gani, misali Sakataren Ƙungiya. Ku fara kowace kalma da babban harafi. Gurbin Email Address: adireshin da saƙon zai fita da shi. Gurbin Reply-to Address ku bar shi babu komai, sai in kuna so amsa ta tafi wani adireshi daban. Signature text kuwa ƴan kalmomin da za su riƙa fitowa a ƙarshen kowane saƙo ne, kamar suna da muƙami. Kun gama? Ku danna OK. In kuka rufe tagar da alamar X ba ku danna OK ba, duk abin da kuka rubuta ya tafi, sai ku sake daga farko.

A nan akwai abin da ke rikita mutane da yawa. Rubuta adireshi a wannan gurbi ba ya ƙirƙiro sabon adireshi. Dole adireshin ya kasance akwai shi tun farko a wurin kamfanin da ya ba ku imel, kuma naku ne ko na ƙungiyarku. In kuka ƙago wanda babu, ko dai saƙon ya ƙi fita, ko ya fita amma amsa ba za ta taɓa zuwa muku ba. Wanda ke da adireshi ɗaya tak zai iya sake sa shi ɗin, ya canza suna da sa hannu kawai. Hakan ya halatta, kuma ga yawancinku ya wadatar.

A cikin wannan tagar akwai Edit don gyara, Delete don sharewa, da Set Default. Wadda kuka zaɓa da Set Default ita ce za ta riƙa fitowa da kanta duk lokacin da kuka buɗe sabon saƙo. Shawarata, ku bar sunan da ba za ku ji kunya ba in ya je ko'ina, shi ya zama na kullum.

Darasi na 3: Zaɓen suna kafin aikawa

To, ku gyara zama, nan ne wurin tuntuɓe.

Ctrl da N. Taga ta buɗe. Ku dubi layin From. A can ƙarshensa na dama akwai wata ƴar ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, masu tabarau su sa tabaransu. Ku ɗora kibiyar maus a kanta, ku tsayar da hannu, ku danna. Jerin sunaye zai sauko, kowane suna da adireshinsa. Ku danna wanda kuke so. Jerin zai rufe. Yanzu ku sake duba layin From. Sunan da kuka zaɓa ne a ciki? In shi ne, ku ci gaba. In ba shi ba ne, hannunku ya motsa lokacin dannawa, ba laifi, ku sake.

Ku lura da ƙasan wurin rubutu ma. In kun sa wa kowace shaida sa hannunta, za ku ga ya canza tare da sunan. Wannan alama ce ta biyu da ke nuna zaɓin ya shiga.

Ku rubuta saƙonku. Kun gama rubutu, yatsa na ƙaiƙayin danna Send, wato maɓallin aikawa. Ku tsaya. Ku ɗaga ido sama. Ku karanta From. Sannan ku karanta To. Sannan ku danna Send.

Mu sake daga farko. Ctrl da N, ido a kan From, ƙaramar kibiya, zaɓi, ido a kan From, rubutu, ido a kan From, Send. Sau nawa aka dubi From? Sau uku: da aka buɗe, da aka zaɓa, da za a aika. Ku yi wannan sau biyar kuna aika wa kanku, kuna canza suna kowane zagaye. Ku sa adireshinku a layin To, saƙon zai dawo akwatinku, ku ga yadda sunan ya fito a idon mai karɓa. Wanda ya yi haka sau biyar hannunsa ya fara sabawa.

Abin da ya sa nake matsa muku shi ne, saƙon da ya fita ya fita. A Outlook akwai hanyar janye saƙo, amma tana aiki ne tsakanin ma'aikatan wuri ɗaya masu tsarin imel ɗaya, kuma ko a can ba kullum take ci ba. Ku ɗauka babu ita. Na ga wata ɗaliba ta zauna ta rubuta takardar neman aiki mai kyau, ta gyara kowane harafi, ta sa a karanta mata, ta danna Send tana murmushi. Da muka buɗe akwatin Sent, inda ake ajiye saƙonnin da aka aika, sai ga saƙon ya tafi da sunan wasa da ɗanta ya sa mata lokacin da ya buɗe mata imel ɗin. Ta dafe baki ta daɗe tana kallon allon. Wahalarta duka tana cikin saƙon, amma abin da aka fara gani a can shi ne wannan sunan.

Don haka: From, sannan To, sannan Send.

Wasu za su ce, ai malam na riga na saita na kullum, me zan duba? Ku duba. Wasu za su ce ai jiya na zaɓa. Zaɓin jiya na saƙon jiya ne, kowane sabon saƙo da nasa. Gaskiya abin yana ba ni takaici in na ga mutum babba, wanda ba zai taɓa sa hannu a takarda bai duba ba, amma a gaban kwamfuta yana danna Send ido rufe. Ɗaga ido sama ba ya cin daƙiƙa biyu. In kun kasa ba da daƙiƙa biyu, kada ku zo kuna cewa kwamfuta ce ta yi. Kwamfuta abin da ke layin From take aikawa, ba ta san abin da ke zuciyarku ba. Kuma ku guji danne Ctrl tare da Enter kuna cikin rubutu, domin wannan ma aikawa ne.

Darasi na 4: Amsa saƙo, da kwamfutar da ake tarayya a kanta

In kuka danna Reply don ba da amsa, Thunderbird takan duba adireshin da aka aiko saƙon, ta zaɓo shaidar da ta dace da shi. Sau da yawa takan dace. Amma in sunayenku biyu adireshi ɗaya suke amfani da shi, ba ta da hanyar sanin wanne kuke nufi. To me za ku yi? Kun sani. Ku dubi From.

Abu na biyu, shaidar mai aikawa ba kwado ba ce. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar ya buɗe manhajar zai ga saƙonninku, kuma zai iya aikawa da sunanku. Waɗanda suka yi zamani da Outlook Express a kan Windows XP sun saba da sauya mai amfani a cikin manhajar, har da kalmar sirri. Wannan tsari ya wuce tare da ita. Yanzu in mutum biyu na tarayya a kwamfuta ɗaya, kowa ya samu mashigarsa ta Windows da kalmar sirrinsa, in ya tashi ya danne maɓallin Windows da harafin L ya kulle.

Darasi na 5: Buga saƙo a takarda

Ku danna saƙon da kuke so, ku danne Ctrl ku taɓa P. Hoton takardar zai fito kafin firinta ta fara aiki. Ku dube shi. A sama ya kamata ku ga Subject, From, Date da To, wato abin da saƙon ya ƙunsa, wanda ya aiko, ranar da aka aiko, da wanda aka aika wa. In takardar za ta zama hujja, waɗannan layukan ne hujjar, kada ku yanke su.

Wani lokaci za ku ga saman takardar cike da layuka masu fara da Received da lambobi barkatai, har su cinye rabin shafi. Wannan tarihin tashoshin da saƙon ya bi ne. Ku danna Cancel. Ku taɓa maɓallin Alt don jerin sama ya bayyana, ku danna View, sannan Headers, sannan Normal. Ku sake Ctrl da P. In wani masani ya nemi cikakken bayanin don bincike, a nan ne za ku zaɓi All, bayan an gama ku mayar Normal.

In saƙon naku ne kuka ɗauko daga Sent, ku duba ko layin Bcc ya fito a hoton. Sunayen da kuka ɓoye wa sauran masu karɓa ne a wurin. Kada ku miƙa wa kowa takardar kafin ku duba.

Darasi na 6: Ƙananan rubutun gefen takarda

Kwanan wata da lambar shafi da ke fitowa can sama da ƙasa daban suke da layukan saƙo. A tagar bugawa ku danna More settings, ku nemi Print headers and footers, ku cire alamar da ke akwatinsa in ba ku so.

Darasi na 7: Masu Outlook

In kun buga saƙo daga Outlook, sunan da ke fitowa da kauri a saman takarda sunan mai asusun imel ɗin ne, ba na wanda ya aiko saƙon ba. Wanda ya aiko yana ƙasa, a layin From. In imel ɗin na wurin aiki ne, mai kula da kwamfutocin wurin ne zai canza muku sunan.

Aikin gida

Ku ƙara shaida ta biyu. Ku aika wa kanku saƙo biyu, kowanne da suna daban. Ku buga su, ku ja layi da biro a ƙarƙashin From na kowanne, ku zo da takardun aji na gaba.